Yohanna Mariya Vianney: Makiyayin Da Aka Horar A Gida

An haifi Yohanna Mariya Vianney ran 8 ga watan Mayu, 1786, a ƙauyen Dardilly kusa da birnin Lyon a ƙasar Faransa. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida na Matthieu Vianney da matarsa Marie, manoma 'yan ɗarikar Katolika. Gidan ya yi suna wajen karɓar baƙi, har mabarata sukan zauna su ci abinci tare da yaran.

Yana ɗan shekara uku juyin juya halin Faransa ya ɓarke, a 1789. Ba a daɗe ba aka shiga rufe majami'u, firistocin da suka ƙi yi wa sabuwar gwamnati rantsuwa kuma suka koma ɓuya. Nauyin koyarwa duk ya dawo kan iyaye. Mahaifiyarsa ce ta koya masa addu'a tun bakinsa bai nuna ba, yayarsa Catherine kuwa ta nuna masa haruffa. Makarantar ƙauye ya ɗan taɓa ta kawai, gama tumaki da gona ba sa jira. A wurin kiwo yakan tara yara 'yan'uwansa yana maimaita musu abin da ya ji a gida.

Da dare iyalin sukan yi tafiya a ɓoye zuwa sujada a rumbun wani ko ɗakin wani, suna sane cewa wanda aka kama yana ɓoye firist zai iya rasa ransa. A 1799, yana da shekara 13, ya karɓi Jibin Ubangiji karo na farko a wani gida a Écully. An rufe tagogi, aka jera kekunan ciyawa a waje ana saukewa, domin mai wucewa ya ɗauka aikin gona ake yi.

Da ya ce yana so ya zama firist, mahaifinsa ya ƙi, kuma ba za a ga laifinsa ba: gona tana bukatar hannu, kuɗin karatu babu. Sai a 1806 ya yarda ɗan ya tafi wurin Fada Balley. Saurayi mai shekara 20 ya zauna cikin ƙananan yara, harshen Latin kuwa ya ƙi shiga kansa. A 1809 aka kira shi sojan Napoleon; bai isa rundunarsa ba, ya ɓuya fiye da shekara guda a ƙauyen Les Noës yana koya wa yara karatu. Ƙanensa ne ya shiga soja a madadinsa, bai kuwa sake dawowa gida ba. Mahaifiyarsu ta rasu a 1811, ba ta ga ranar keɓe shi ba.

An sallame shi daga makarantar horar da firistoci ta Lyon saboda Latin, amma Balley ya tsaya masa har aka keɓe shi a 1815. A 1818 aka tura shi Ars, ƙauye mai mutum wajen 230. A nan ya buɗe gida domin 'yan mata marayu a 1824, daga baya kuma dubban mutane suka riƙa zuwa daga nesa su furta zunubansu, har yakan zauna sa'a 16 a rana yana sauraronsu. Ya yi shekara 41 a Ars, ya rasu ran 4 ga Agusta, 1859. Paparoma Pius na 11 ya sa shi cikin tsarkaka a 1925.