Jean Sibelius: Mawallafin kiɗan Finland da sautinsa ya zaga duniya

Lokacin da Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu ya ayyana ɓallewar Biafra daga Najeriya a watan Mayun 1967, karin da aka ɗora taken Biafra a kai ba na Afirka ba ne. An aro shi ne daga Finlandia, bakandamiyar wani mutumin ƙasar Finland mai suna Jean Sibelius, wanda ya rasu shekaru goma kafin nan.

An haifi Sibelius ranar 8 ga watan Disamban 1865 a garin Hämeenlinna, lokacin Finland tana ƙarƙashin Sarkin Rasha. Mahaifinsa likita ne, ya kuma rasu a 1868 ya bar iyalinsa da bashi.

A 1885 ya shiga jami'a a Helsinki domin karatun shari'a, amma bai jima ba ya watsar ya koma kiɗa. Burinsa shi ne ya shahara a gogen Turawa. Da ya gwada sa'arsa a birnin Vienna ba a ɗauke shi ba, sai ya mai da hankali ga tsara kiɗa a rubuce domin wasu su kaɗa.

A 1899 gwamnatin Rasha ta soma rage 'yancin cin gashin kan Finland tare da matsa wa jaridu lamba. A wannan shekara ce ya tsara kiɗan da ya zama Finlandia, domin wani taron mara wa 'yan jarida baya. Babu kalma ko ɗaya a cikinsa, amma jama'a sun gane inda aka dosa, har ta kai ana sauya masa suna a wuraren taro don kauce wa hukuma. Finland ta sami 'yancin kai a Disamban 1917.

Wani kiɗan nasa, Valse triste, ya fito ne daga wasan kwaikwayon da surukinsa Arvid Järnefelt ya rubuta, aka nuna a 1903. Yana kwatanta wata mata a gargarar mutuwa, tana ganin kamar tana rawa da baƙi, har ajali ya zo mata. Sibelius, wanda bashi bai cika rabuwa da shi ba saboda shan barasa da kashe kuɗi ba lissafi, ya sayar da haƙƙin mallakar kiɗan ɗungurungum a kan kuɗi kaɗan. Kiɗan ya karɓu a ko'ina, masu buga shi suka kwashi riba, mai shi kuwa ya tashi a tutar babu.

Ya kammala manyan kaɗe-kaɗe bakwai da ake kira simfoni, na ƙarshe a 1924. Bayan Tapiola a 1926 sai ya yi shiru na kusan shekaru 30 a gidansa da ke Järvenpää. Simfoni na takwas da duniya ta daɗe tana jira, ƙona rubutunsa ya yi a shekarun 1940. Ya rasu ranar 20 ga watan Satumban 1957 yana da shekaru 91.

Bayan rasuwarsa kiɗan nasa ya shiga hannun masu jaz, salon da baƙar fatan Amurka suka ƙirƙiro. A watan Maris na 1965 Wayne Shorter, mai busa saksofon, ya sake wa Valse triste tsari domin mutum shida kacal: masu busa uku, mai piyano, mai babban goge da mai ganga. Cikinsu akwai Freddie Hubbard da McCoy Tyner.

Aikin ba ƙarami ba ne. Abin da aka rubuta wa tarin masu goge, dole a raba shi tsakanin masu busa uku ba tare da karin ya ɓace ba. Sannan a jaz, da zarar an gabatar da karin, kowane makaɗi kan ɗauke shi ya sarrafa yadda ya ga dama a nan take, kamar yadda mai kukuma kan ɗauki karin da kowa ya sani ya yi ta juya shi. Sibelius kuwa mutum ne da kan shafe shekaru yana gyara kiɗa guda.

Kamfanin Blue Note bai fitar da faifan, mai suna The Soothsayer, ba sai a 1979.