Labarin Taslimu Balogun, Gwanin Tamaula

Shi dai Taslimu Balogun Bayarabe ne, Musulmi, mutumin Ikko. Saboda tsananin ƙarfin bugunsa aka yi masa laƙabi da Tanda, wato aradu a bakin Turawa. Ya yi wa 'yan Reluwe wasa, har ya zo Arewa ya yi wa Jos.

Cikin 1949 yana cikin 'yan tamaular Nijeriya da suka shiga jirgin ruwa zuwa Ingila. Abin al'ajabi, galibinsu ba takalmi suka shiga fili, wasu ƙyalle kurum suka ɗaura, amma suka ci Marine 5 da 2 a karon farko.

A 1955 ya koma can, ya yi wa Peterborough wasa, sa'an nan Queens Park Rangers. Bai tsaya ga baiwar ƙafa ba, sai ya durƙusa gaban masana kamar almajiri har ya karɓi ijazar koyarwa. Ya komo gida yana horon samari, kuma yana cikin malaman da suka kai Nijeriya Olamfik a Mekziko cikin 1968, inda aka yi kunnen doki 3 da 3 da Birazil.

Ya rasu ran 30 ga Yuli, 1972. An sa wa wani filin wasa na Surulere sunansa. Allah ya jiƙansa, amin.