Conrad Waddington: Mutumin da Ya Tambayi Ƙwai

Duk ɗalibin da ya zauna ajin nazarin halittu ya ji cewa ƙwayoyin gado ne ke ɗauke da umarnin ginin jiki. To, amma ƙwayar fata da ƙwayar ƙwaƙwalwa umarni iri ɗaya suke ɗauke da shi. Me ya sa ba su zama abu ɗaya ba? Wannan tambaya ce ta cinye rayuwar Conrad Hal Waddington.

An haife shi a Ingila a 1905. Mahaifinsa yana aikin gonar shayi a Indiya, saboda haka can ya fara wayo, kafin a mai da shi gida wurin dangi. A Jami'ar Kambirij ilimin duwatsu ya karanta, sai daga baya hankalinsa ya koma kan tayi. A farkon shekarun 1930 ya riƙa yanko ɗan yanki daga tayin kaza yana dasa shi a wani gefen tayi, ya ga yankin yana sa ƙwayoyin da ke kewaye su fara gina jijiyoyi inda ba su saba ba. Ashe maƙwabta ma suna da ta cewa game da abin da ƙwaya za ta zama.

A 1942 ya ba wannan fanni suna, epigenetics. Ya kwatanta ƙwaya da ƙwallo mai gangarowa daga tudu, hanya tana rabuwa kwari kwari. Ƙwayoyin gado ne suka tsara kwarurrukan, amma ɗan turi kaɗan yakan sauya inda ƙwallon zai faɗa, kuma idan ya yi nisa komawa baya da wuya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya taimaki sojojin sama da lissafin farautar jiragen ƙarƙashin ruwa, ya zama farfesa a Edinbara a 1947. A can ya gasa wa ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace zafi na digiri 40 tun suna cikin kwanso. Wasu suka fito babu wata 'yar jijiya a fiffike. Ya ware su ya bar su suna hayayyafa, yana maimaitawa, har aka kai ga jikokin da suke fitowa haka ba tare da zafi ba. Nan fa aka yi ta gardama. Wasu suka zarge shi da farfaɗo da tsohon ra'ayin da aka binne. A gaskiya zaɓen da ya yi ne ya tattara ƙwayoyin gadon da ke ɓoye tun asali, kuma shi ma haka ya bayyana.

Masana da yawa na zamaninsa sun ɗauke shi mai yawan zane da ƙarancin hujja, domin idonsu yana kan DNA. Ya rasu a Edinbara a 1975. A shekarar ne wasu masana suka kawo shawarar cewa ƙananan alamomin sinadari da ke manne wa DNA su ne ke rufe wasu ƙwayoyin gado su bar wasu a buɗe, abin da bincike ya tabbatar daga baya.