Eugene Odum, Malamin da Ya Ceci Fadamar Gishiri

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, cikin masana kimiyyar da suka shuɗe, wanda na zaɓa in ba ku tarihinsa shi ne Eugene Odum, mutumin Amurka. An haife shi a 1913. Mahaifinsa malamin jami'a ne, shi kuwa tun yana yaro ba abin da yake so kamar kallon tsuntsaye. Har ma a kan bugun zuciyarsu ya yi digirinsa na dakta a 1939. A 1940 ya kama koyarwa a Jami'ar Jojiya, a 1953 kuma ya fito da littafinsa mai bayyana yadda halittu ke dogara da juna da kuma wurin zamansu.

Mu mutanen Makarfi da Kudan da Ikara mun san darajar fadama, don ita ke ba mu rake da tumatir. To, a gaɓar tekun Jojiya akwai wata irin fadama mai ruwan gishiri, wadda ba a noma ta. Daga ciyawa sai taɓo sai sauro, saboda haka mutane suka ɗauke ta wurin banza.

Odum da abokan aikinsa suka kafa wurin bincike a tsibirin Sapelo, suka yi ta aune-aune. Ga abin da suka gano. Ciyawar nan tana zuƙo sinadarin kabon daga iska, ta gina jikinta da taimakon hasken rana. In ta mutu, ƙwayoyin halitta su ruɓar da ita ta zama ɓarɓashi. Sau biyu a rana ruwan teku yakan hau fadamar ya janye. In zai janye sai ya kwashi ɓarɓashin zuwa bakin kogi, inda ruwan daɗi ke gamuwa da na gishiri. Can ƙaguwa da jatan lande da ƙananan kifaye ke samun abinci. A 1962 John Teal, wanda ya yi aiki a Sapelo, ya ƙiyasta cewa kashi 45 cikin 100 na abin da fadamar ke samarwa fita yake yi. A 1968 Odum ya bayyana cewa fadama ce ke ciyar da ruwan gaɓa, kamar yadda ƙauye ke ciyar da birni.

A lokacin nan wani kamfani ya nemi haƙar ma'adini a gaɓar. Odum bai tsaya a aji ba. Shi da ɗalibansa suka shiga wayar da kan jama'a, har aka kafa dokar kare fadamun a 1970.

Masu bincike na baya sun nuna cewa ba kowace fadama ke fitarwa ba. Wata karɓa take yi, wata kuma ta binne kabon cikin taɓo shekaru aru-aru. Amma shi ya share hanyar binciken. A 1987 aka ba shi lambar yabo ta Crafoord tare da ƙanensa Howard. Ya rasu a 2002.

Darasin da na ɗauka shi ne, ruwan da ya bar fadamarmu cikin kogi yake faɗawa, wasu kuma ke sha. Kada mu raina wuri don mun ga ciyawa da taɓo. Allah ya ba mu ikon kula da abin da ya ba mu amana, amin.