Murtala Muhammed da zamanin da Najeriya ta fara harhaɗa motoci

A Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, Legas, har yau akwai baƙar Marsandi mai hudojin harsashi. A cikinta aka kashe Janar Murtala Ramat Muhammed ranar 13 ga Fabrairun 1976, yana ɗan shekara 37, cikin cunkoson motoci, ba tare da ayarin masu gadi ba.

An haife shi a Kano ranar 8 ga Nuwamban 1938. Ya yi Kwalejin Barewa ta Zariya, ya shiga soja a 1958, ya samu horo a Sandhurst ta Ingila. A Yaƙin Basasa ya jagoranci Runduna ta Biyu, wadda kisan fararen hula a Asaba a 1967 ya bar wa tabon da masoyansa ba su cika son a tuna ba.

Ya karɓi mulki bayan juyin 29 ga Yulin 1975, shekarar da kamfanin Peugeot na Kaduna da Volkswagen na Legas suka fara fitar da motoci. Aikin gwamnatin Gowon ne, Murtala gado ya yi, kuma ya gaji matsalarsa: jiragen ruwa ɗauke da siminti sun toshe tashar Legas. Sai aka riƙa kwaso sassan Fijo ta jirgin sama daga Lyon ta Faransa zuwa filin jirgin Kano, maƙwabcin gonakin Ungogo, sannan a wuce da su Kaduna. Motar ta gida ce a suna, amma kayanta na waje ne.

Cikin wata bakwai bai cika ba ya sallami dubban ma'aikata, ya mai da jihohi 19, ya tsayar da maganar Abuja. Aƙidarsa ta rage almubazzarancin shugabanni ta ɗore bayansa. A zamanin Obasanjo, Fijo 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Masana'antun manyan motoci suka biyo baya: Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Mercedes a Enugu.

Dukkansu sun jingina ne da kuɗin mai da cinikin gwamnati. Da darajar naira ta karye daga 1986, sassa suka yi tsada, 'yan Kwatano suka mamaye kasuwa. Murtala bai ga wannan ba. A Kano aka binne shi, hotonsa kuma na kan naira ashirin, wadda a yau ba ta kai fasinja daga Ungogo zuwa Sabon Gari.