Amos Makiyayi, Annabin da Ya Ga Fara

Ya ɗan'uwa mai karatu, ko ka san Allah ya taɓa kiran mutumin ƙauye kamarka ya aike shi wurin manya? Sunansa Amos. Ya rayu wajen shekara 760 kafin haihuwar Almasihu, a zamanin Uzziya sarkin Yahuza da Yerobowam sarkin Isra'ila. Garinsu Tekowa, kudu da Baitalami. Shi ba annabi ba ne tun farko, ba kuwa ɗan annabi ba. Kiwon tumaki yake yi, yana kuma lura da itatuwan ɓaure.

A kwanakin nan Isra'ila tana cikin wadata. Mutane suna zuwa sujada a Betel, suna hadayu da waƙoƙi. Amma masu hatsi sun ƙosa Asabar ta wuce su koma ciniki. Suna rage mudu, suna ƙara kuɗi, suna sayar da dusa a kan hatsi. Matalauci kuwa a sayar da shi saboda bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba.

Sai Ubangiji ya ɗauke Amos daga bin garke, ya nuna masa wahayi. Ya ga fara tana cinye tsiron ƙasa. Ya yi roƙo, Allah ya janye. Ya ga wuta tana lashe gonaki. Ya sāke roƙo, Allah ya janye. Na uku ya ga igiyar awo ta magini a jikin bango, gama bangon da ya karkace rushe shi akan yi. Daga baya ya ga kwando cike da nunannun 'ya'yan itace, wato lokacinsu ya cika.

Amaziya, firist na Betel, ya kai ƙararsa wurin sarki, ya ce masa ya koma Yahuza ya ci abincinsa can. Amos bai yi shiru ba. Ya ci gaba da kiransu su nemi Ubangiji su rayu. Ba su ji ba. A shekara ta 722 kafin Almasihu Assuriyawa suka ci Samariya, suka kwashe mutanen.

Mu mutanen Agye da Gazawa da Gidan Rumji ba sai an gaya mana mece ce fara ba. Dattawa suna tuna yunwar 1984. Mun ga farar 2004 da wahalar da ta biyo baya a ƙasar Maraɗi a 2005. Ba mu ce kowane fari hukunci ne a kan wanda ya rasa ba. Amma a cikin yunwa akan gane zuciyar mai rumbu.

To, kai fa? Tiyarka ta saye da ta sayarwa ɗaya ce? Maƙwabcin da ka ba rancen hatsi da damana, nawa ka karɓa da kaka? Gonar gwauruwa da ka riƙe jingina, har yanzu tana hannunka? Waƙar ranar Lahadi ba ta rufe wa Allah ido.

Wanda ya janye farar saboda roƙon Amos, shi ne ya ba da Ɗansa Yesu Almasihu ya ɗauki hukuncinmu a kan gicciye. Ka tuba yau. Ka furta zunubinka, ka mayar da abin da ka ƙwace, ka gyara tiyarka. Karanta Amos sura 5 tare da iyalinka a daren nan, ku yi addu'a.