Samanja Chari Maigumeri da Lambobin Ƙirjinsa

A garin Lakwaja akwai barikin soja da a ke kira Barikin Chari Maigumeri. Mutumin da aka sa wa barikin sunansa bai taɓa zama janar ba, bai ma zama hafsa ba sai ranar da zai tuɓe kaki. Samanja ne. Amma ya yi wa Jamusawa soja, ya yi wa Ingilishi, ya ga yaƙin duniya na farko da na biyu, kusan kowane mataki na rayuwarsa kuwa akwai minda, watau lambar yabo, da ta tsaya masa shaida. Saboda haka wanda ya iya karatun lambobin soja ya iya karanta tarihin wannan bawan Allah daga ƙirjinsa.

Chari mutumin Barno ne. A zamanin ƙuruciyarsa Turawa sun riga sun yanka ƙasar Barno, Dikwa da kewayenta suna hannun Jamus, sauran yawanci a hannun Ingila. Don haka ba abin mamaki ba ne da saurayi ɗan Barno ya shiga sojan Jamus na Kamaru, kamar yadda Chari ya yi a 1913, yana da shekara wajen 16. Shekara guda da shigarsa yaƙi ya tashi a Turai, wutarsa ta ci har bakin kogin Binuwai. A watan Agusta 1914 sojan Nijeriya suka tasam ma Garwa, inda Jamusawa suka yi ganuwa, aka kore su da hasara mai yawa, har kwamandansu ya halaka. Sai a watan Yuni 1915 Ingilishi da Faransawa suka taru suka ci garin da igwa. Chari yana cikin waɗanda suka tsare Garwa, a shekarar nan kuma ya faɗa hannun Ingilishi.

To, a nan ne lambarsa ta farko ta ke, ita ce kuma wadda ta fi ba mai bincike wahala. Yawancin waɗanda suka rubuta labarinsa sun ce Jamusawa sun ba shi Gicciyen Ƙarfe mai daraja ta biyu saboda jaruntakarsa a Garwa. Wannan lamba tsohuwa ce, Sarkin Furusiya ne ya ƙago ta a 1813, aka sabunta ta a 1914. Sai dai ba a buga sunan mai ita a jikinta, balle a ɗauka a karanta. Bugu da ƙari, Jamusawa suna da wata minda dabam da suka ware wa sojojinsu baƙar fata, ƙyallen da a ke rataye ta da shi kuwa baƙi da fari ne, kamar na Gicciyen Ƙarfe. Ka ga mai kallon ƙyalle kaɗai yana iya ɗaukar wannan a maimakon waccan. A ganina abin da ya kamata ɗalibi ya rubuta shi ne an ce Gicciyen Ƙarfe ne, ya bar tabbatarwa ga takardun Jamus. Ko wacce ce dai, da faɗa da Ingilishi ya samo ta.

A 1917 ya shiga Rundunar Sojan Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya kafa a 1897, ya zama sojan mutanen da ya yi ta harbi shekara biyu da suka wuce. Wani zai ce ya ci amana. Ni ban ga haka ba, gama ba Jamus ba Ingila, babu wadda ta ke ƙasar ubansa, aikin bindiga ne ya iya ya kuma bi inda a ke biyansa. Aka kai shi Afirka ta Gabas, ƙasar da a ke kira Tanzaniya yanzu, inda sojan Nijeriya su ke fama da Jamusawa cikin yunwa da zazzaɓi. Duk wanda ya je wannan fage ya cancanci minda biyu, ɗaya ta azurfa mai kan Sarki Joji na Biyar, ɗaya ta tagulla mai ƙyalle launin bakan gizo, wadda a ke kira ta nasara. Waɗannan su ne masu daɗin bincike, domin a gefen kowacce, inda ya ke kamar gefen sule, an buga lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa.

Bayan yaƙi ya yi ta hawa, daga saje zuwa samanjan kamfani, kafin 1930 ya zama Babban Samanja na Bataliya ta 3. A lokacin nan wannan shi ne ƙarshen tsani ga baƙar fata, hafsoshi duk Turawa ne. Babban Samanja shi ne uban bariki. Shi ke horon kurata, shi ke tsaye tsakanin Bature da soja, da Hausa kuwa a ke yawancin sha'anin, ko da sojan ba Bahaushe ba ne.

Da yaƙin Hitila ya zo, Bataliya ta 3 tana cikin birged ɗin Nijeriya da aka tura a kori Italiyawa daga Somaliya da Habasha. Suka shiga Mogadishu ran 25 ga Fabrairu 1941, suka miƙa arewa cikin motoci ta jeji marar ruwa har Harar a watan Maris. A wannan yaƙi na Habasha ne Chari ya sami lambar da a ke taƙaita sunanta MM a bayan sunan mutum. Sarki Joji na Biyar ne ya kafa ta a 1916 domin ƙananan sojoji da suka nuna jaruntaka a bakin daga. Ta azurfa ce, ƙyallenta shuɗi mai duhu, da zane uku farare da biyu jajaye a tsakiya. Irin wannan ba a raba ta don mutum ya je yaƙi kurum. Sai kwamanda ya rubuta abin da soja ya aikata, manya su sa hannu, sa'an nan a buga sunansa a jaridar gwamnatin Ingila, London Gazette, wadda ke fitowa tun 1665. Yawancin takardun shawarar nan na yaƙin duniya na biyu suna nan ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kew, a birnin Landan.

Daga Habasha sai Bama. Sojan Afirka ta Yamma suka shiga dazuzzuka da tsaunukan Arakan suna karawa da Japanawa, ga damina mai nauyi, ga kaya a ka, abinci ma sau da yawa sai jirgin sama ya jefo. Chari a lokacin ya doshi hamsin. A can aka ambaci sunansa cikin rahoton da babban kwamanda ya aika gida. Wannan yabo ba shi da minda tasa, ɗan ganye ne na tagulla a ke maƙalawa a kan ƙyallen lambar yaƙin, wanda bai sani ba sai ya zaci ado ne. Sunayen wuraren da aka yi gumurzu a can suna nan a barikokinmu. Wanda ya tashi daga Kutemeshi ya bi ta Birnin Gwari ya shiga Kaduna, in ya isa Kawo zai ga Barikin Dalet, Dalet kuwa wuri ne a Bama.

Masu zuwa waɗannan fagage an ba su taurari na tagulla masu tsini shida. Na Afirka ƙyallensa ruwan rairayi ne da ja a tsakiya, na Bama kuwa ja ne a tsakiya, da shuɗi mai duhu da ruwan goro a gefe. Amma Ingilishi ba su buga suna a kan taurarin nan ba. Iyayenmu da ke da irinsu a adaka, gadon wani kaka ɗan mazan jiya, su lura da wannan: tauraro shi kaɗai yana faɗin inda aka je ne, ba ya faɗin wanda ya je. Takardar sallama, mai ɗauke da lambar sojan, ita ce ke haɗa shi da mai shi, don haka kada a raba su, kada kuma a cire tsohon ƙyallen don ya koɗe.

A 1944 aka ƙara wa Chari lambar BEM, saboda daɗewa da nagartar aiki. Ita wannan dangin lambobin girma ce na Daular Biritaniya, waɗanda aka kafa a 1917, masu hawa hawa: MBE, OBE, CBE, har KBE da ke sa a kira mutum Sa. Wannan ta ƙarshe ita aka ba Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a 1959, da Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1960. BEM tana ƙasan tsanin duka, a lokacin ita ce yawanci rabon wanda ba hafsa ba. Ƙyallenta ja ne mai haske da toka-toka a gefe, ta soja kuma tana da ƙarin siririn zane a tsakiya, da shi a ke bambanta ta da ta farar hula. Nijeriya ta kafa nata lambobin girma da dokar 1964.

Chari Maigumeri ya yi ritaya a 1953, bayan shekara 36 a rundunar, ban da na Jamus. Da zai sauka aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. Shekara huɗu kafin wannan, a 1949, aka naɗa Wellington Bassey hafsa sosai, ɗaya daga cikin 'yan Nijeriya na farko da suka sami haka, a 1953 ɗin kuma Zakariya Maimalari, ɗan Barno kamarsa, ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst da ke Ingila. Allah ya ji ƙansu baki ɗaya.